Jan Biron Sakatariya

Yayata ba ta da tsayi, ba ta da ƙarar murya, amma shekara ashirin da shida ba a yanka ƙarfe a shagonmu ba sai da takardarta. Shagon walda ne da aikin ƙarfe, rumfa ɗaya doguwa mai rufin kwano. Ofis kuwa ɗan ɗaki ne a ƙurya, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Nan take zama. Kowa Sakatariya yake ce mata, har Maigida mai shagon. Ni kaɗai nake cewa Yaya, ita kuma Auta take kirana ko a gaban wa, ga furfura ta fara fito mini a gemu. Ita ta roƙar mini aikin tsaron sito bayan an kore ni a wuri biyu saboda faɗa. Ba zan ɓoye ba, ni mutum ne da hannuna ya fi bakina sauri.

Aikinta shi ne, in mutum ya kawo abin da yake so a ƙera masa, ta buga ma'auninsa a takarda, ni in kai wa ma'aikata tare da ƙarfen. Kuma shagonmu yana da wata al'ada tun zamanin mahaifin Maigida. In za a huda rami, aka sa wata 'yar da'ira mai sanda a karkace kafin lamba, wato Ø, to faɗin ramin ke nan daga baki zuwa baki. In kuwa lamba ta zo tsirara, babu alama, to daga tsakiya zuwa baki ake nufi, sai mai huda ya buɗe kamfas ɗinsa daidai lambar ya zana. Ka ga ke nan talatin mai alama talatin ce, talatin marar alama kuwa ramin sittin za ta ba ka. Kowa a shagon ya san wannan kamar yadda ya san hanyar gidansu.

Da tafireta Yaya ta fara. Ta buga babban harafin O, ta koma baya taki ɗaya, ta ɗora sanda a kai, tas, alama ta fito. Tana yi tana hira, ko kallo ba ta yi. Ranar da Maigida ya kawo kwamfuta ta gwada hakan, ta buga O, ta koma baya, sai O ɗin ya ɓace. Ta sake, ya sake ɓacewa. Ta ja tsaki, ta ce abin da ba ya iya riƙe harafi biyu a wuri ɗaya ba shi zai koya mata aiki ba. Daga ranar ta tsiro da nata salon. Ko a wasiƙa ne, ko a wannan shafi mai akwati-akwati da take jera ma'aunai, sai ta bar fili kafin lambar. In takarda ta fito daga firinta, ta zaro jan biro daga gefen ɗankwalinta, ta zana da'ira, ta ratsa ta da sanda. Da'irarta kuwa, wallahi ko kamfas sai haka.

Ni abin nan yana ƙona mini rai. Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya nuna mini yadda ake yi: ka danne maɓallin da aka rubuta wa Alt da hannun hagu, ka buga sifili, biyu, ɗaya, shida a lambobin gefen dama, ka saki, alama ta fito. Ko kuma ka shiga wurin saka alamomi ka zaɓo ta. Ko ma ka kwafo ta daga inda aka taɓa sawa. Na zo mata da wannan ina ji da kaina.

"Yaya, matsa in nuna miki. Daƙiƙa biyu ne."

"Auta, je ka ƙirga notinka."

"Haba Yaya, sai ka ce a zamanin da? Ana ba ki mota kina cewa ƙafa."

"Biron nan ya taɓa ɓata wa wani aiki?"

"Bai taɓa ba, amma..."

"To rufe mini ƙofa in ka fita, ƙarar injin nan ta ishe ni."

Sau nawa muka yi wannan? Ya fi a ƙirga. Har na taɓa ce mata taurin kanta ne zai kashe wani wata rana. Bakina ne ya faɗi haka, ni ɗin nan.

Ran wata Talata da hantsi wani makanike daga garejin bayan layinmu ya ba da aikin faifan ƙarfe mai kauri. Zai ɗaure shi a jikin ginshiƙin rufin garejinsa, ya zura ƙusa mai kai ta ramin tsakiya, ya rataya sarƙar da yake ɗaga injin mota da ita. Yaya ta buga faɗin ramin talatin, ta zana alamarta da jan biro, ta ba ni, ta tafi asibiti duba maƙwabciyarta. Ina kan hanyar kai wa Dogo, mai huda mana ƙarfe, takardar ta suɓuce ta faɗa cikin daron baƙin mai. Na tsamo ta baƙi ƙirin. Na leƙa ofis, kwamfuta a kunne, shafin ma bai rufe ba. Na ce me zai sa in zauna jiran ta dawo! Na danna, firinta ta turo sabuwa, na fizge na kai wa Dogo. Ban duba ba. Ni da na fi kowa surutu a kan filin nan da take bari, ban duba ba.

Dogo mutum ne da bai iya gardama ba, 'ya'yansa bakwai, abin da takarda ta ce shi yake yi. Ya ga talatin tsirara, ya buɗe kamfas, ya yanka ramin sittin. Makanike ya aiko aka ɗauka. Da ya ga ramin ya yi wa ƙusar yawa, maimakon ya dawo da shi, sai ya sa wata 'yar washa sirit, irin zoben ƙarfen nan da ke tare kan ƙusa, ya ɗaure.

Ran Alhamis bayan azahar muka ji ihu daga bayan layi. Kafin mu gane me ke faruwa sai ga mutum biyar sun faɗo shagon. Na gabansu wani ƙato ne direban tifa, wan makaniken, rigarsa jina-jina har gwiwa, liba a hannunsa, irin dogon ƙarfen nan na cire taya. Ɗaya daga cikinsu ya wurgo faifan a tsakar shago, ya faɗi da ƙara, washar a lanƙwashe tana maƙale da shi.

"Wane ɗan iska ne ya huda wannan?" Direban ya daka tsawa. "Inji ya faɗo wa ƙanena a ƙafa! Ƙashi a waje! Wa ya huda?"

Maigida ya fito yana "a yi haƙuri, a zauna a yi magana", wani ya kai masa naushi a baki, ya zube a kan tulin bututu. Mai walda ya jefar da abin hannunsa ya haura katanga. Dogo, bawan Allah, da yake bai saba ƙarya ba, ya ce shi ne. Bai rufe baki ba suka rufe shi. Duka ta ko'ina, da ƙafa, da hannu, da guntun bututu. Na ga haƙorinsa ya faɗo a kan siminti. Suka ja shi kamar buhu zuwa teburin ƙarfe, mutum biyu suka danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburin ya take wuyan hannun da gwiwa.

"Hannun da ya yi aikin nan ba zai sake yin wani ba," in ji direban.

Dogo yana kuka kamar yaro, jini yana bin haɓarsa. "Takarda! Don Allah ku duba takarda! Tana aljihuna! Abin da aka rubuta na yi!"

Aka zaro takardar. Ina tsaye a ƙofar sito, babbar sifana ta kwance noti a hannuna, ina hango ta fara fat, babu ɗigon ja ko ɗaya. Sai a lokacin na gane abin da na aikata.

"To wa ya rubuta takardar?" Direban ya juya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ja wur. "Wa ya ba shi?"

Ni da na taɓa fasa wa mutum kai saboda ya taka mini takalmi, na yi tsit. Na dubi libar nan, na dubi hannuna, na ja baya taki ɗaya cikin sito. Tsoro na ji, tsoro tsagwaronsa, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Sai ga Yaya ta fito daga ofis, biro a gefen ɗankwali. Ta karɓi takardar daga hannun mutumin, ta dube ta. Ta san takardarta ba ta taɓa fita babu ja ba. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ba ta ƙara ba. Sannan ta juya wajen direban.

"Ni na buga. Akwai alamar da nake sawa, na manta ban sa ba. Wannan mutumin ba shi da laifi, ku sake shi."

"Ke matsa! Mace za a turo mini a rufe mini baki? Shi ya riƙe wuta ya yanka!"

"Na ce ni ce, ɗana. Ka ji tsoron Allah."

Ya ture ta da kafaɗa, ta bugu da teburin. Ya ɗaga liba da hannu biyu. Na ga Dogo ya runtse ido. Ita kuwa ba ta yi ihu ba, ba ta riƙe direban ba, don ta san ba ta da ƙarfinsa. Hannunta na dama kawai ta miƙa ta ɗora a kan na Dogo. Ƙarfen ya sauka.

Ƙarar da na ji ranar har yau tana kunnena. Yaya ta durƙushe, ba ta ce ko wayyo ba, sai numfashi take ja. Direban ya tsaya baki buɗe, libar ta faɗi daga hannunsa. A nan ne fa jarumin naku ya farka. Na yi kansa da sifana ina zagin uwa da uba, na sauke masa a kafaɗa, na ƙara masa a gefen fuska, kuncinsa ya tsage. 'Yan uwansa suka taru a kaina, suka fasa mini gira, suka karya mini haƙarƙari biyu, ni ma na karya wa ɗaya hanci. Sai da maƙwabta suka cika shagon aka raba mu. Mutanen layi har yau suna cewa Auta ya yi namijin ƙoƙari a kan yayarsa. Duk wanda ya faɗa mini haka ji nake kamar in mare shi.

Yatsu uku aka cire mata, sauran biyun suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Hannun Dogo ya kumbura na sati biyu ya warke, har gobe yana huda ƙarfe. Makanike ya rayu, yana ɗingishi. Direban ya yi zamansa a gidan yari, da ya fito ya zo har gida ya durƙusa mata yana hawaye, ta ce ya tashi, ya wuce. A asibiti na so in yi magana, na ce, "Yaya, takardar nan..." Ta ce, "Miƙo mini ruwa." Na je wa Maigida da gaskiya, ya ce Sakatariya ta riga ta gaya masa ita ce, kuma ta ce in na zo da wani zance kada ya saurare ni, zafin ciwo ne.

Bayan wata huɗu ta dawo aiki. Ta koyi buga rubutu da hagu, a hankali, harafi ɗaya-ɗaya. Amma biro ya gagara. Ina leƙe ta taga na ga ta gwada zana da'ira da hagun, abin ya fito kamar ƙwai da aka taka. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jefa biron a aljihun tebur.

"Auta!"

Na shigo.

"Abin nan da kake ta damuna da shi. Nuna mini."

Na nuna mata. A danne Alt, a buga sifili, biyu, ɗaya, shida, a saki. Ta duba maɓallin da ke can hagu, ta duba lambobin da ke can dama, ta duba hannunta ɗaya.

"Hannu biyu yake so ke nan."

"Akwai wata hanya, Yaya. Ta wurin saka alamomi, hannu ɗaya ya isa. Ko in sa miki ita a akwatin farko na shafin, kullum ki riƙa kwafowa."

"Ban tambaye ka wata hanya ba. Danne mini."

Na sa yatsa na danne. Ta buga lambobi huɗun da hagunta, ta ce in saki. Alamar ta fito a gaban talatin, baƙa, tsaf da ita. Ta gyaɗa kai, ta ce in koma sito.

Shekara tara ke nan. Duk takardar da ke da rami a ciki, sai na ji "Auta!" daga ƙurya, in ajiye abin da nake yi, in goge hannu, in je in tsaya a gefenta in danne. Wani lokaci sau goma a wuni. Ta san sauran hanyoyin sarai, na taɓa shigowa da sassafe na same ta ta sa alamar ita kaɗai a wata wasiƙa, ta yi sauri ta goge. Na wuce sito kamar ban gani ba. Ba ta taɓa ambaton ranar Talatar nan ba, ko da wasa. In na danne, dungun hannunta yana nan ajiye a kan tebur, dab da yatsana, ba ta ɓoye shi, ni kuma ban isa in kau da kai ba.

Tun ranar Alhamis ɗin nan ban sake ɗaga wa kowa hannu ba. Jiya ma wani mai babur ya zage ni a bakin shago, na ji jinina ya hau, har na dunƙule hannu. Sai na ji ta daga ciki.

"Auta! Zo ka danne mini."

Na buɗe hannun, na shiga.