Inda Hanyar Makaranta Ta Karkace

Har yau idan maƙwabta a zangon Dapaong suka zo mini da zancen babbar makarantar nan ta Sokodé, suna so su san ko ta dace da ɗansu ko 'yarsu, sai in shimfiɗa musu tabarma in zayyana musu komai. In ce akwai ɓangaren kimiyya, akwai na adabi, akwai na sana'a inda ake koyon walda da lantarki da kafinta da ɗinki. Akwai ɗakin kwanan 'yan mata mai katanga, ruwan famfo kuma yana zuwa ranar da ya ga dama. In gaya musu waken makarantar ba ya nuna, su haɗa yaro da gari da yaji. Abu ɗaya nake tsallakewa, don ba na son a fita daga gidana ana cewa karatu ya taɓa ni. Yau dai zan faɗe shi, mai yarda ya yarda.

Shekarar da na ci brebe, jarrabawar da ake gama ƙaramar sakandare da ita, na kafe sai wannan makarantar. Kimiyya nake so, an kuma ce mini can ne ɗalibi yake taɓa kayan gwaji da hannunsa, ba a zana masa su a allo a ce ya haddace ba. Baba shi ma ya kafe a kan magana ɗaya: "Ba mu da kowa a Sokodé." Fataucin shanu ne sana'arsa, kuma ba ya ƙin karatun 'ya mace, shi ya kai ni aji ɗaya da hannunsa. Amma a wurinsa garin da ba ka da naka a ciki daji ne, ko da an shimfiɗa masa kwalta. Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, kafin magariba yunwa ta sasanta mu. Bakina kuwa ba ya mutuwa, gado na yi wurin Inna. Na ce masa ai shanu ma yana tura su har Lomé, wa suke da shi a can? Ya dube ni ya ce, "Su ai ba dawowa suke yi ba." Na tashi na bar masa zauren.

A zauren nan akwai wata tsohuwar sandar kiwo a rataye, ba mai taɓa ta. Ta yayan Baba ce, wanda muke kira Baffa ko da yake babu ɗayanmu da ya taɓa ganinsa. Zamanin da ake koro shanu a ƙasa daga arewa har Blitta, inda jirgin ƙasa yake tsayawa, su biyu suka bi ayari suna samari, Baba kaɗai ya dawo da sandar. Zazzaɓi ya kama Baffa a hanya, iyakar abin da muka sani ke nan. Kakarmu ta rasu tana tambayar a ina aka sa shi, Baba yana cewa a daji ne kusa da wani rafi, ya nemi wurin daga baya bai gane shi ba.

Inna ce ta yi ta lallashinsa har ya yarda mu je ranar da makarantar take buɗe wa iyaye ƙofa, ana saura kaɗan a dawo daga hutu. "Gani kawai," in ji shi. "Ki gani ki huta, mu dawo ki shiga ta nan gida." Na ce to, amma a zuciyata na san idan muka juyo ranar nan bai yarda ba, kimiyya ta tafi ke nan.

Muka tashi bayan asuba, rana ta take muka sauka a tasha. Masu babur suka ratsa da mu ta unguwar Kpangalam suka fita bayan gari. Damina ce, sama a rufe, ba ruwa ba rana. Ban taɓa ganin makaranta mai girma haka ba, gari ce guda. Sai dai garin babu mutane. Ciyawa ta kai gwiwa a jikin azuzuwa, an jera bencina kan bencina ƙafafu a sama, tagogi a buɗe suna bugawa su kaɗai. A wani aji akwai lissafin da malami ya fara a allo bai ƙarasa ba. Ƙarfen tayar mota da suke bugawa a matsayin ƙararrawa yana rataye a itace yana juyawa a hankali. Mu iyaye da 'ya'ya ba mu da yawa, kuma ba tare da an ce a yi ba kowa ya rage murya.

Wanda ya zagaya da mu sirbeyan ne, wato mai kula da tarbiyyar ɗalibai, wani dattijo Bakotokoli mai hula a karkace. Sai ya yi bayani da Faransanci, sannan ya juya da Hausar kasuwa saboda irin su Baba. Ya kai mu ɗakin littattafai, ya kai mu wurin kafintoci inda ƙanshin katako bai fita ba, ya nuna mana injinan ɗinki a lulluɓe da zannuwa, da ɗakin kwamfuta ta taga don mai mabuɗin bai zo ba. Ya nuna gonar makaranta, da ɗakin shan magani, da ɗan masallacin da iyaye suka gina. Ya ce ɗalibai dubbai ne, daga kowane yare, kuma wanda ya makara tsintsiya ce abokiyarsa. Duk abin da ya faɗa sai in saci kallon Baba. Hannuwansa a baya, fuskarsa irin wadda yake yi wa saniyar da ba zai saya ba.

Ɗakin kimiyya yana can ƙarshen wani babban fili. Sirbeyan ya ce satin nan aka zuba jar ƙasa aka yi sabuwar hanya miƙaƙƙiya saboda mu baƙi, kada raɓa ta ɓata mana kaya. Aka shiga layi. Ni ina baya ina ta kumbura, shi ya sa na ga abin da na gaba ba su gani ba.

Da mutumin farko ya kai tsakiyar fili, sai ya sauka daga kan jar ƙasar ya shiga ciyawa ta hagu, ya ɗan zagaya, ya sake hawa. Na bayansa ya yi haka. Wata mata tana waya tana faɗa da wani, ita ma ta sauka. Wani ma'aikaci da takalmi mai sheƙi ya shiga jiƙaƙƙiyar ciyawa bai ko duba ƙasa ba. Babu rami, babu kashin shanu, babu komai a wurin, hanya ce sumul. Na ce a raina ni kam sai na bi ta kai, in ga wanda zai hana ni. Na sa ido a gaba na miƙe. Sai kawai na ji sanyin ciyawa a ƙafata, na duba na gan ni a gefe tare da kowa. Ba tsoro na ji ba a lokacin. Abin da na ji shi ne irin wanda kake ji idan ka shiga ɗaki ka tarar da mutum yana salla, jikinka ya hana ka giftawa ta gabansa. Tsoron daga baya ya zo, da na waiwaya na ga wurin babu sawun ƙafa ko ɗaya.

Na matsa kusa da sirbeyan na tambaye shi. Ya yi wata 'yar dariyar yaƙe.

"Kin lura ke nan, 'yata," ya ce. "Tun da na zo aiki haka na sami tsohuwar hanyar, a karkace. An miƙe ta, ta koma. An kafa turaku, yara suka bi ta bayan turakun. Sabon ɗalibi ranar farko ma kaucewa yake yi, ba wanda ya gaya masa. Idan hutu ya yi, shanun makiyaya sukan shigo ta inda katanga ta faɗi, su zo su tsaya a nan, ba sa cin ciyawar. Yara suna cewa aljanu ne. Ni dai ban taɓa ganin ya cuci kowa ba."

Na ce shi ke nan, dattijon nan ya gama da ni. Dama Baba dalili yake nema, ga shi an ba shi aljanu a faranti. Na juya in ga ko ya ji, sai na ga ba ya tare da mu. Yana can baya a kan jar ƙasar, bai ƙaraso wurin ba, yana kallon wasu itatuwan ɗorawa biyu da suka haɗa kai a jikin katanga, da wani tudu a bayansu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga murya kaɗan.

"Malam, akwai rafi a bayan katangar can?"

"Akwai, Alhaji."

"Da falalen dutse da ake tsallakawa ta kansa?"

"A nan yara suke wanki," in ji sirbeyan.

Baba ya cire takalmansa ya ajiye su a gefe. Ya tako a hankali har bakin wurin da kowa ya kauce wa, ya tsugunna. Ya sa hannu yana share jar ƙasar, irin yadda ake share gero a tabarma. Ba a jima ba kan wani baƙin dutse mai santsi ya fito, irin na cikin rafi, sai wani a kusa da shi, sai wani, a jere. A lokacin na lura da tsawon wurin. Tsawon mutum ne a kwance, kudu da arewa, yadda ake haƙawa. Baba ya yi sallama irin wadda ake yi a maƙabarta. Sannan da wata murya da ban san yana da ita ba, muryar ƙane, ya ce, "Yaya, ni ne."

Sirbeyan ya cire hularsa, ya tattara sauran iyayen ya wuce da su, Allah ya saka masa. Na tsugunna a bayan Baba. Bai juyo ba ya ce a nan ayari ya yi zango, lokacin babu gini ko ɗaya sai daji. Ya ce da hannunsa ya ɗebo duwatsun daga rafin, da gari ya waye kuma aka kora shanu, don shanu ba sa jiran makoki. Ya ce ya sha wucewa a mota yana leƙe ko zai hango ɗorawan nan, bai taɓa kawowa a ransa suna bayan katangar makaranta ba. Muka yi addu'a, yayyafi ya fara, bai motsa ba sai da ya gama.

Ɗakin kimiyyar da na yi wa kuka na shiga, amma ko a yanka ni ba zan iya faɗin abin da na gani a ciki ranar ba. Tausayin Baba ya cika ni, kuma ina jin kunyar cewa a cikin tausayin ina ta kaina. Garin da ya riƙe masa ɗan'uwa, yaya zai bar masa 'ya? Na riga na fara shirya yadda zan gaya wa ƙawayena na fasa.

A ƙarshe aka kai mu wurin madam mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata. Al'adarsu ce duk wanda ya zo daga nesa a tambaye shi wa yake da shi a gari, saboda ciwo ko wata larura. Ta bi iyaye ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ƙanwarsa, wancan ya ce abokin ciniki. Da ta zo kanmu na sunkuyar da kai, ina jiran maganar da na haddace.

Baba ya ce, "Tana da baffanta. Yana nan cikin makarantar."

Madam ta dubi sirbeyan. Ya gyaɗa mata kai, ya ce abin da ya shafi ofis kuma shi zai tsaya mini.

A bakin ƙofa muna jiran babur, gwiwoyin wandon Baba duk jar ƙasa, ya ce mini, "Bai yi aure ba, bai haihu ba. Shekara da shekaru 'ya'yan mutane suna girmama shi, babu wanda ya san ko wane ne. Ki riƙa yi masa sallama da safe, ki gaya masa 'yar wa ce." Na buɗe baki in yi godiya, bakin nan nawa da ba ya mutuwa, kuka ya riga ni.

Shekara uku na yi a makarantar, ban taɓa wucewa ban yi sallamar ba, har ranar da na makara na sha tsintsiya. Ba a sake zuba ƙasa a wurin ba. Baba ya rasu yanzu, sandar tana zaurena.

Shi ya sa idan na gama wa iyaye bayanin walda da wake, suka miƙe suna cewa matsalar dai ba su da kowa a Sokodé, ba na gardama da su. Sai in raka su ƙofa, in riƙe hannun yaron mu ɗan tsaya baya. In ce masa idan ya kai tsakiyar fili ya ji ƙafarsa ta kauce, ya bar ta ta kauce, kada ya ji tsoro. Ya yi sallama kawai, ya ce daga Dapaong yake, daga gida.