Harajin da Ya Bi Yaya Har Zaman Makoki

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, matarka ta kira ni, Yaya. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Gwaggon yara, ki zo." Na iske ka kwance a kan benci a ƙofar shagonka, an lulluɓe ka da zanen wata maƙwabciya. Ko ciki ba a iya shigar da kai ba, domin kwaɗon ofishin haraji yana rataye a ƙofar. Likita ya ce hawan jini ne. Na yarda da ajali, amma na san abin da ya hau da jinin.

Tun ina ƙarama kake gyaran firji a shagon nan, hannunka kullum baƙi ƙirin, unguwa na kiranka Injiniya. Da wannan hannun ka biya mini makarantar jinya. Ina tuna bazawarar nan mai sayar da ƙanƙara da injin firjinta ya ƙone. Ka sa mata wani, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ka ce, "Tafi, Hajiya, sai ƙanƙara ta yi ciniki." Ba ka sake ta da maganar ba.

Wani mai kawo maka gyara ne ya nuna maka cinikin kirifto, kuɗin intanet, a waya. Shekarar farko abin ya yi albarka. Ba ka sayi mota ba. Ka kai Inna aka cire mata yanar ido, ka yi wa Kawu sabon rufi, 'ya'yan dangi da aka koro saboda kuɗin makaranta suka koma aji. Abokanka suka ce ka yi shiru, wa zai sani? Ka ce ba ka son cin haƙƙin kowa, ko da na hukuma ne. Da ƙafarka ka je ofishin haraji ka ba da bayanin ribarka.

Kafin su gama lissafinsu kasuwar ta rushe. Abin da ya rage a wayarka bai kai kuɗin tsohon firji ba, amma harajin ribar bara suka ce ka biya.

Na raka ka ofishin. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Malam, duk sanda ka canza wani kirifton zuwa wani, sayarwa ka yi, ko bai shiga aljihunka ba. Ribar bara ta bara ce."

Ka ce, "To asarar fa?"

"Ita ta bana ce. Ka ajiye ta, in ka sake cin riba a gaba sai a cire maka."

Ka yi murmushi ka ce, "Ranka ya daɗe, a firji zan ajiye ta?" Da ka kasa biya, suka sa wa shagonka kwaɗo.

Hukuma ba ta san ka ba, Yaya, amma dangi sun san ka. Da ka je wurin Kawu neman taimako, a ƙarƙashin rufin da ka yi masa ya zauna ya ce maka ai dama caca ce. Waɗanda suke cika maka falo suka daina ɗaga waya. Duk sun zo zaman makoki, har da masu kuka da ƙarfi. Ranar uku kuma wani ya zo daga ofishin, ya yi gaisuwa cikin ladabi, sannan ya tambayi wane ne magaji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da marayunka huɗu. Allah ya ba mu haƙurin da ni har yau ban samu ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ya sa ka tarar da hisabi mai sauƙi a wurin Wanda yake duba abin da bawa ya rasa kamar yadda yake duba abin da ya samu. Amin.