Rasuwar Baban Tagwaye na Ɗakin Saba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, babban ɗanka ya kira ni ya ce, "Anti, Baba ya cika." Ina tsaye a ɗakin saba a lokacin, fankoki suna ta gurnani, sai da ya maimaita kafin na ji.

Yaya, wanda ya ji ana kiranka Baban Tagwaye, in bai san aikinmu ba, zai ɗauka tagwaye ka haifa. Mu a ofis mun san tushen sunan. Babbar kwamfutar da muke kira saba, raba ta muke yi ɗaki-ɗaki kamar gidan haya: makaranta a nan, kamfanin sufuri a can, asibiti a gefe, kowa yana ganin kwamfutarsa ce shi kaɗai. Duk abin da suka ajiye a kan faya-fayai yake sauka, kuma kowane faifai yana da abokin tagwaitaka mai ɗauke da kwafinsa. Na'urori biyu da muke kira kwantirola ne ke jan ragamarsu. Dokarka ɗaya ce: tagwaye ba sa zama a ƙarƙashin kwantirola ɗaya, don in ta mutu kada ta tafi da su duka.

Bara, da aka kawo sabuwar sabar da za ta ɗauki bayanan asibiti, masu haɗawa suka jera tagwayen kusa da juna a ƙarƙashin kwantirola ɗaya saboda wayoyin sun fi kyan gani a haka. Ka duba, ka cire tabarau, ka ce a warware. Manaja ya yi ta faɗa, wai asibiti na jira, wai taurin kanka ya fi na jaki. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, tun ran gini, tun ran zane. In marasa lafiya suka hau kanta, ba mu da damar kashe ta." Muka wuni a durƙushe muna sauya wayoyi, ina ta mita, kana yi mini dariya wai bakina ya fi hannuna sauri.

Ba a aiki kaɗai ka riƙe mu ba. Da mahaifiyata ta kwanta jinya, kai ka karɓi kiran gaggawa na satina, ba ka taɓa tayar da zancen ba. Tsohuwar rigar sanyinka kullum tana rataye a bayan ƙofa don duk wanda sanyin ɗakin ya kama. In wani ya yi ɓarna, sai an gyara tukuna kake tambayar yadda aka yi, shi ma ba a gaban mutane ba.

Da ciwo ya kayar da kai, a wannan asibitin aka kwantar da kai. Ranar da likita ke jiran sakamakon gwajinka don ya san maganin da zai fara, da azahar, kwantirola ɗaya ta ƙone. Na shiga na tarar rabin layin faya-fayan ya koma jar fitila. Gabana ya faɗi, domin na san fayil ɗinka yana ciki tare da na sauran marasa lafiya. Na buɗe allon dubawa. Komai yana tafiya a kan ɗaya kwantirolar, ko ma'aikatan asibitin ba su san an yi ba.

Da yamma na je duba ka na ba ka labari. Ka yi murmushi, ka ce, "Ƙanwata, kada ki yi sanyi wajen sauya ta. Yanzu da ƙafa ɗaya suke tsaye." Washegari na sauya, na rarraba tagwayen yadda ka koya mini.

Sakamakon ya iso hannun likita a kan lokaci, babu abin da ya ɓata a ciki. Shi ne ya nuna ciwon ya riga ya wuce magani. Wallahi wannan ya yi mini zafi, kuma har yau yana yi.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa amanar da ka riƙe ta zame maka haske. Ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ta ga tafiyar ɗanta, ina miƙa ta'aziyyata da ta dukkan abokan aiki. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.