Ɗan Wanda Ya Kada Ni

Sunan gidanmu ya fi mu dukiya. Ba sai na faɗe shi ba, duk wanda ya ci kasuwar Tambuwal kafin zuwan Nasara ya san shi. Akwai alƙali mai amsa shi, akwai malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa tun daga Dogon Daji. Akwai kuma ƙanen mahaifina, ɗan kokawa, wanda bai bar komai ba sai kirari. Mu reshen talakawan ne. Ban gaji ko akuya ba, sai sunan.

Farkon fataucina na kai gishiri Kebbe a kan jakuna, da damina. Duk abin da na mallaka yana cikin kayan nan. Ina shiga gari hadari ya haɗu, ga shi baƙo ba ya sauke kaya sai mai masauki ya karɓe shi. Aka nuna mini wani tsoho mai faɗin ƙirji, kafaɗarsa ɗaya a karkace.

Na gaishe shi, na faɗi gidanmu. Bai motsa daga bakin zaure ba.

"Wanga suna kowa na ratayawa," in ji shi. "Na alƙali kake, ko na malam?"

Iska ta taso. Da na ce alƙali, da na shige nan take. Amma ɗan kasuwan da ya fara da aron uba, da me zai ƙare?

"Baba, na ɗan kokawa nike. Ƙanen ubana ne."

Ya dafa karkatacciyar kafaɗar. "Ka ga aikinai. Gaban 'yan matan Kebbe duka! Yana nan, ja'irin?"

"Ya rasu bara."

Yayyafi ya fara sauka a kan kayana. Tsohon ya yi masa addu'a, ya miƙe ya sungumi kaya ɗaya da kafaɗar mai lafiya.

"Tsaye kake awa turke? Gishirinka za ya koma miya!"

A ɗakin kwanansa ya jibge kayan. Washegari ya kai ni kasuwa da kansa, duk mai sayen da ya zo sai tsohon ya ce, "Ɗan wanda ya kada ni ne. Ku taya da mutunci."

Na yi shekaru ina sauka gidan nan, har jakunana suka zama ayari. Bai taɓa kirana da sunan yanka ba. Yanzu jikokina na tinƙaho da alƙali da malam. Ni kam in an ambaci gidanmu, kafaɗar tsohon nan nake tunawa.