Hanjin Saniya Zuwa Madani

Mai Wurno

Ƙarfe huɗu na asuba na yanka saniyar. Shekara talatin ina fawa, ban taɓa wanke hanji da tsoro ba sai ran nan. Na Su'ad ne, ɗiyar ƙanena marigayi, wadda ke bincike a jami'a a Madani. Ta ce akwai maganin hana jini daskarewa, hefarin, da galibi daga hanjin alade ake tatso shi. Ita na saniya take so ta gwada, kuma dole ya isa hannunta da sanyinsa kafin azahar. Na jera shi cikin kula, na danna ƙanƙara, biyar da rabi na hau hafila, motar fasinja.

Sinnar

Shida saura muka iso. Na sha shayi da zalabiya, irin fanken nan, a tsaye, ƙafata ɗaya kan kular. Direban Madani ya ce a ɗora ta bisa rufi.

"Rana za ta cinye ta," na ce.

"To ka rungume ta, ya Hajj, kamar amarya."

Haka na yi.

Haj Abdalla

A shingen bincike aka riƙe mu awa ɗaya da minti goma. Ɗan sanda ya buɗe kular, ya toshe hanci.

"Walima ce?"

"Karatu ne."

Ya yi dariya har ya kira abokinsa. Amma ƙanƙara ta zama ruwa. Wata mai sayar da karkade, wato zoɓo, a bakin hanya ta ji ina Hausa da kaina, ta ce, "Baba, mi ya faru?" Ta fasa mini rabin ƙanƙararta, ta ƙi karɓar komai.

Madani

Sha ɗaya da kwata Su'ad ta tsoma ma'aunin zafi cikin kular. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Tamam, Baffa. Da sanyinsa ya iso."

Ta nuna mini wani farin abu kamar soso. Idan ƙashi ya karye ya bar giɓi, irinsa za a cusa. Akwai sinadaran da ke sa ƙashi ya tsiro, amma jini na saurin wanke su. Hefarin ne zai riƙe su jikin soson, ya riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan.

"Da akwai shi lokacin da tarakta ta taka babanki, da ba a yanke ƙafar ba?"

Ta ajiye soson. "Ban sani ba, Baffa. Ko kan ɓera ba mu gwada ba tukuna. Amma shi nake tunawa kullum in na shigo nan."

Muka ci ful, dafaffen wake, da gurasa a kwano ɗaya, ta ture mini ɓangaren da ya fi mai.

Gida

Ana kiran magariba na sauka Mai Wurno. Uwar Su'ad na tsaye a ƙofa.

"Ya isa?"

"Ya isa. Ta ce wata Alhamis in sake kaiwa."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta, tana dariya tana hawaye. Alhamdu lillahi da ya kai ni ya maido ni. Mai karkaden Haj Abdalla kuwa, Allah ya sanyaya mata.