Ranar da Delbert Ya Buɗe Kwali

Delbert Kowalski ya shekara talatin yana fentin motoci a wata masana'anta a garin Flint na Amurka. Da ya yi ritaya sai ya shiga tara ƙananan motocin ƙarfe, kwafin motoci masu ƙarfin inji na zamanin samartakarsa. Ya tara ɗari huɗu da sha biyu, ko ɗaya bai taɓa fitarwa daga kwalinta ba, domin a wurin masu wannan sha'awa, da an buɗe mota darajarta ta zube. Ta tagar robar kwalin yake kallonsu.

Sai ciwon suga ya ci idonsa. Wata Asabar ya ɗauko jar motar da ya fi so, ya kai ta har hanci, bai ga komai ba sai ja dishi-dishi.

"Tsoho, buɗe ta mana," in ji matarsa Loretta. "Ko da kwalaye za a binne ka?"

"'Yan ƙungiyarmu za su ce na haukace."

"Ai su suna da ido."

Sai ya sa farce ya ɓare kwalin. Nauyinta ya fara ba shi mamaki. Ya ɗaga murfin inji, ya bi wayoyi sirara kamar zare da ɗan yatsa yana ƙirgawa. Takwas cif, kowace a mazauninta. Ya murɗa sitiyari, tayoyin gaba suka juya cikin tafinsa.

"Loretta," ya ce a hankali, "ashe har sitiyarin yana aiki. Miƙo min ta kusa da ita."