Goggo Ba Ta Amsa Ƙofa Sai Rana Ta Fito

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Goggo Hassu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe ni da yayana Habu a gidanta na Azuba tun muna ƙanana. Da niyyata in faɗi kirkinta in roƙa mata gafara, kamar yadda aka saba. To, abin da ya faru kwana tara da suka wuce ya sha gabana.

Goggo tana da wani zama da duk layinmu aka sani. In ta sallame sallar asuba, ba ta tashi daga tabarma sai rana ta fito. Carbi a hannu, leɓe na motsi, murya ba ta fita. Yadda ɗakinta yake, in ta fuskanci alƙibla dole ta ba ƙofar gida baya. Ko wa ya buga a lokacin ba ta amsawa, mu ma ba ta yarda mu amsa. Maƙwabciyarmu Maman Ladi ta taɓa zuwa ɗiban wuta, ta gaji da bugu, ta ɗaga murya ta katanga: "Hassu, ke dai ko gida yana cin wuta ba za ki tashi ba!" Da rana ta fito Goggo ta kai mata garwashin da kanta tana dariya. "Maman Ladi, duk yinin naku ne. Wannan ɗan lokacin na riga na ba Mai shi."

Ina yarinya zaman nan haushi yake ba ni, don ya sha sa ni makara a makaranta. Da ta rasu sai na tsinci kaina ina yin sa, a ɗakinta, a kan tabarmarta. Kewa ce ta fara zaunar da ni.

Ran da abin ya faru ni kaɗai ce a gidan. Yaya Habu ya je saro doya wajen Arikya, ruwan sama ya tsare shi ya kwana can. Na idar da salla, ban yi nisa da carbi ba, na ji an buga ƙofa a hankali. Ban ji ƙarar mashin ba, ban ji sallama ba. Sai wata murya ta ce, "Habun Goggo, fito mana, mu ne." Sunan nan ba a kasuwa ake kiransa da shi ba. Sai wanda ya taɓa cin tuwo a gidanmu ya san shi.

Na buɗe baki zan ce ba ya nan, sai na ga har yanzu gari bai gama haske ba, na mayar da bakina na rufe. Aka sake bugawa, aka sake. Ina jin numfashin mutum fiye da ɗaya. Ban san ko tawakkali ne ya riƙe harshena ko tsoro ba, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na dai ci gaba da jan carbin har aka daina bugun.

Da hantsi ni da maƙwabta muka ga sawun mashin biyu a laka, da alama turo su aka yi. A bayan layinmu an buga wa wani magidanci a safiyar, shi ya amsa, ya fito da buta a hannu. Butar aka tsinta. Har yau iyalinsa suna jiran waya.

Ina ta tunanin me Goggo za ta ce da Azuba ta yau. Ta bar mu da ƙyauren kwano da ake tokarewa da turmi. Yanzu kowa ya ɗaga katanga ya dasa kwalabe, amma ba mai barci. Da na ba Yaya Habu labari, sai ya ce, "Ke Ummi, in na zauna a gida, katanga za mu ci?" Abu ɗaya na samu ya yarda da shi: ba zai ƙara fita ba sai rana ta fito. Wanda ya kira shi kuwa ba mu san shi ba, shi ya san mu. Wataƙila jiya ma mun gaisa.

Kwana takwas na kasa zaman Goggo. Ina sallamewa sai in juya in zuba wa ƙofa ido. A nan na gane abin da ta bar mana. Ba ta taɓa cewa zaman nan yana hana abu faruwa ba. A kan tabarmar nan aka kawo mata labarin mutuwar mahaifinmu, washegari ta koma ta zauna. Ta dai san ƙofar ba ita ke tsaron ta ba. Allah ya jiƙan Goggo, ya dawo da wanda aka tafi da shi.

Yau da asuba na shimfiɗa tabarmar yadda take shimfiɗa ta, Yaya Habu yana gefena, bayanmu ga ƙofa. Can wani abu ya taɓa ƙyauren, ko iska ko mutum. Carbin ya tsaya a hannuna. Ban waiwaya ba.